Zaren da Na Yanke

Ɗana Sani ya zo mini makon jiya da shawara mai kyau a ganinsa. Wai in ba shi tsohon kaset ɗin nan ya kai Kano, akwai masu wanke sauti a kwamfuta, za su cire ƙarar da ke ciki, su datse wurin da ya lalace, ya dawo fes. Na ce masa zan yi tunani. Da yake fita na ji yana gaya wa matarsa a zaure cewa Ummanku ma ba son kiɗan take yi ba, haƙuri kawai ta yi da haukan mijinta shekara da shekaru. Dariyar da ku 'ya'yana kuke yi mini ba ta taɓa damuna ba, har jikokina da suka laƙaba mini Baba Ɗan Disko na yafe musu. Amma wannan maganar ba zan bar ta ta zauna a gidan nan ba. Kaset ɗin ba nawa ba ne, na Ummanku ne. Abin da ni na yi masa shi ne na ɓata shi, kuma ina so ku san yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

A lokacin ina da rumfar gyaran rediyo a kusa da tashar mota ta Gumel, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Kunne Allah ya ba ni. In mutum ya shigo da rediyo tana tari, kafin ya gama sallama na san ciwonta. Wannan baiwa ce a rumfa, amma a gida masifa ce, domin mai irin kunnena ba ya jin komai sai aibinsa. Ƙofa ta yi ƙara sai na tashi na sa mata mai, liman ya ja aya sai in ji lasifika ce ke da matsala.

Shekararmu biyu da aure Hajara, Ummanku, ta tafi gidansu a Gagarawa Tasha haihuwar fari, kamar yadda ake yi. Da bazara ne. Yaron ya zo, namiji, amma bai yi kuka ba. Kafin saƙo ya same ni in iso an riga an kai shi makwancinsa, ban ga fuskarsa ba. Wannan shi ne yayanku da ba a cika ambatonsa ba. Bayan arba'in aka dawo mini da Hajara, ko in ce aka dawo mini da jikinta. Tana shara, tana girki, tana salla a kan lokaci, amma magana ba ta wuce "to" da "a'a". Ku da kuka san Ummanku da tsokana za ku yi mamaki. Matar da kafin nan ba ta barin in gama cin tuwo ba ta kwaikwayi yadda nake karkata kai in ina sauraren rediyo ba, ita ce take wuni tana kallon bango. Inna, mahaifiyata, da muke zaune tare, ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta yi lallashi har ta gaji. Sai mahaifin Hajara ya aiko cewa in kaka ta yi ba ta warware ba, a mayar musu da 'yarsu ta zauna a gabansu. Ban ga laifinsa ba. Amma na san in ta tafi a haka, ba za ta dawo ba, kuma ina son ta, so irin wanda a zamaninmu ba a faɗa da baki.

Da ruwan farko ya sauka, wani direba ɗan Damagaram mai suna Isuhu, wanda yake kawo mini aiki duk ranar Alhamis in ya taso daga kasuwar Maigatari, ya faka wata mota fijo a bakin rumfata. A wancan zamani Turawa kan keto hamada da tsofaffin motoci su sayar a Nijar su koma gida a jirgi, to irin su ce maigidansa ya saya.

"Habu, duba mini rakodar motar nan," in ji shi. "Anasaran ya bar kaset a ciki ya maƙale. Tun daga duwan, wajen 'yan kwastan, yake ta kuka kamar an take wutsiyar kare, na rasa yadda zan kashe shi."

Na kwance rakodar na ciro kaset ɗin. Ba hoto, ba suna, sai wani ɗan rubutu da gumi ya riga ya wanke. Zarensa baƙi ne wuluk, ba ruwan ƙasa irin na kasuwarmu ba. Na miƙa masa, ya ɗaga hannu biyu.

"Riƙe abinka. Ka ɗauki wa'azi a kai, ko Allah ya shirye shi."

Da ya tafi na sa shi a rakodar rumfa. Abin da ya fito ya sa na kashe da sauri, na ɗauka injina ne ya lalace. Na canza bel, na goge kan da auduga, na gwada wani kaset na ji lafiya lau. Na mayar da baƙin, abin nan dai ya sake fitowa. Jita ce mai lantarki, amma ba kaɗa ta ake yi ba, kamar jan ta ake yi a ƙasa. Ganga tana tafiya daidai sai ta yi tuntuɓe ta canza ƙafa. Wani namiji yana rera wani abu da yaren da ban sani ba, can nesa kamar daga cikin rijiya, ba amshi, ba kirarin kowa. Wani sautin ma da baya yake tafiya, maimakon ya fito sai ya shige. Maƙwabtana masu faci suka fara leƙowa suna dariya, sai na sa shi a aljihu na ɗauki rakodar na tafi da su gida don in gano ciwonsa ba idon jama'a.

Bayan azahar na zauna a inuwar ɗaki na kunna gefe na biyu, wanda waƙa ɗaya ce tal tun daga farko har ƙarshe. Hajara tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ban kula da ita ba, kaina yana karkace a kan rakoda. Sai da kaset ya ƙare maɓalli ya tashi, na ɗago na ga hannunta ya tsaya a cikin waken, ban san tun yaushe ba.

"Malam," ta ce, "mayar da shi baya."

Wata uku ban ji kalma huɗu a jere daga bakinta ba. Na mayar da shi.

Daga ranar rakodar ta bar rumfa ta tare a ɗakinta. Kullum in an yi azahar ta gama aiki, sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta kunna gefe na biyu. Ni kuma na shiga dawowa gida da rana, abin da ban saba ba, in zauna nesa kaɗan kamar mai gyaran wani abu. Daminar nan a cikin kiɗan nan nake tuna ta. Hadari yana haɗuwa ta gabas, batura suna shanye a kan katanga don su ƙara ƙarfi, ƙanshin ƙasa yana tashi, jitar nan tana ta jan jiki a tsakar gida tana bi ta ƙarƙashin igiyar shanya. Har kaji suka saba. Akwai inda gangar take yi kamar jirgin ƙasa yana tahowa daga nesa, a nan Hajara kan rufe ido, ita da ta tashi a bakin layin dogo. Inna kuwa ba ta fasa faɗin ra'ayinta ba.

"Wannan kiɗa ne ko injin niƙa ne ƙashi ya shiga? Ni dai in aljanu ke biki a cikin akwatin nan, ku gaya musu gidan Musulmi ne."

Amma ba ta taɓa cewa a kashe ba, domin ita ma ta ga yarinyar ta fara cin abinci.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A tsakiyar gefen nan na biyu, kayan kiɗan sukan mutu ɗaya bayan ɗaya. Ganga ta tafi, murya ta tafi, jita ta sirance har ta ɓace. Sai shiru, kusan minti uku, ba komai sai wani huci siriri da ɗigon wani abu can nesa. Sannan tsirkiya ɗaya ta dawo a hankali, sauran su biyo ta. Ni a kunnena wannan ciwo ne ƙarara. Na yanke hukunci cewa ko dai Baturen ya danna abin da bai kamata ba wajen ɗauka, ko zafin hamada ya cinye wurin. Kullum aka zo nan sai in ji kamar ana tsikarata da allura. Ga matata ta sami abu ɗaya a duniya da take so, kuma abin yana da rami a tsakiya, alhali mijinta ne mai gyaran da ya fi kowa a garin. Ban tambaye ta ba. Ban ga abin tambaya ba, wa yake shawara da mai rediyo kafin ya cire mata ƙura?

Ranar da ita da Inna suka tafi dubiya unguwar gaba, na ɗauki kaset ɗin na kai rumfa. Na nemo farkon shirun da ƙarshensa, na ja zaren da biro, na sa reza na datse kusan gaba biyar. Na san yankan zai ci wani abu a ɗaya gefen ma, na ce ba komai, ai ba shi take ji ba. Na haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, haɗin da har yau ban yi wanda ya fi shi kyau ba. Abin da na yanke na jefa a kwandon da nake tara mataccen zare. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya yi wa matarsa ɗinkin salla a ɓoye.

Washegari bayan azahar ta kunna. Na zauna ina satar kallonta ina jiran murmushi. Ganga ta tafi, murya ta tafi, jita ta sirance, sai kawai kiɗa ya ci gaba ba ko numfashi. Ta buɗe ido. Ta mayar baya ta sake ji. Sannan ta kashe.

"Ina wurin?"

"Wane wuri? Ramin nan? Ai na gyara miki shi."

Ta daɗe tana kallona, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Malam, ranar da na haihu haka ɗakin ya yi. Kowa ya yi tsit. Na kasa kunne ina jira, ina jira, ba abin da ya biyo baya. A cikin wannan kuwa in na jira, yana dawowa. Saboda wurin nake jin sauran."

Ta ɗauki rakodar ta ajiye mini a gabana, ta shiga ɗaki. Bayan kwana biyu ta ce tana so ta je gida, ba ta jira kaka ba. Ni na kai ta tasha da kaina na sa ta a mota. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Daga tasha na wuce rumfa da gudu na duba kwandon. Wayam. Sai na tuna ranar kasuwa ta ratsa, kuma Baba Ɗanjuma ya zo. Wani dattijo ne manomi daga wani ƙauye a gefen Sule Tankarkar, duk lokacin da gero ya fara ƙosawa yakan zo ya kwashe mataccen zaren kaset ya ɗaura a gona. In rana ta haska shi yana walƙiya, in iska ta busa yana kuka, tsuntsaye ba sa sauka.

Da sassafe na cika buhu da duk wani zare da na samu, har sababbin kaset biyu na farke, na hau keke. Rairayin hanyar nan ya sa na tura keken fiye da yadda na hau shi. Da hantsi na isa. Ban taɓa ganin abu irin gonar nan ba, kuma har yanzu takan zo mini a mafarki. Gero ya fi ni tsawo, zangarniya ta sunkuya, a samansa kuwa zare ne ko'ina daga kara zuwa kara, yana ƙyalli yana rawa. Wa'azin malamai, waƙoƙin biki, karatun da wani ya ɗauka, duk abin da mutanen Gumel suka saurara har ya tsinke yana nan a shanye, iska tana kaɗa shi da murya ɗaya siririya. Na tsaya ina ji. A karon farko a rayuwata na saurari ƙara ban nemi inda ta lalace ba.

Baba Ɗanjuma ya fito daga cikin geron yana mamaki.

"Habu, lafiya? Ko kuɗin zaren ka biyo?"

"Baba, wani baƙi nake nema a ciki. Gaba biyar. Ga buhu guda na kawo a madadinsa."

"Baƙin nan? Kai, ka zaɓi mai kyau. Duk ya fi su kuka, ko tsuntsun nan jan-baki ba ya kusantar wajen. Me ke cikinsa haka, karatu ne?"

"Ba komai a cikinsa, Baba. Shiru ne."

Ya dube ni, ya dubi keken da buhun, ya ga dai ba wasa ya kawo ni ba. Bai ƙara tambaya ba, ya shige gaba na bi shi har kusurwar gabas. Yana nan ɗaure tsakanin kara biyu. Kwana uku yana shan rana, ruwa ya dake shi sau ɗaya, ya miƙe a wani wuri ya murɗe a wani. Na kwance shi a hankali na naɗe a jikin karan dawa na sa a aljihun gaba.

Kwana biyu na rufe rumfa ina aikinsa. Na wanke shi, na shanya a inuwa, na bi murɗin da bayan cokali mai ɗumi. Na farke haɗin nan nawa mai kyau na mayar da abin da na cire. Da farko na sa shi a juye, kiɗan ɗaya gefen ya fito, na sake kwancewa. Da na gama sai na saurara. Yanzu kam ya lalace da gaske. A bakin shiga akwai "ƙas", a bakin fita akwai "ƙas", shirun da ke tsakani kuma yana rawa, yana ƙaraf-ƙaraf kamar ana taka busasshen kara. Da na wani ne da na ce ya jefar. Na ɗaure rakodar a cikin zane na hau motar Gagarawa.

Ku yi tunanin suruki ya yi sallama a gidan surukansa da hantsi rungume da rakoda. Mahaifinta yana zaure, na durƙusa na gaishe shi, idonsa yana kan ƙunshin.

"Malam Habu, wannan fa?"

"Baba, wani abu ne nata na ɓata, na kawo ta gani."

Ya ce a shiga da ni. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya ta koma madafa, amma na san kunnenta yana wajenmu. Hajara ta fito ta zauna a ɗaya bakin tabarmar, ta gaishe ni kamar baƙo. Ban yi bayani ba, na danna. Muka zauna kiɗan yana tafiya, ganga ta yi jirginta, har aka zo wurin. Ganga ta tafi, murya ta tafi. "Ƙas." Na sunkuyar da kai, ina jin kowane ƙaraf kamar a fuskata ake yi. Minti ukun nan sun fi mini tafiyar Sule Tankarkar tsawo. "Ƙas." Tsirkiya ta dawo, tana ɗan rawa, amma ta dawo.

Na ɗago na ga hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta share ba. Mahaifiyarta ta gaya wa Inna daga baya cewa tun ranar haihuwar ba wanda ya ga kukanta sai ranar. Ta bari har kaset ya ƙare.

"Me ya same shi yake wannan ƙarar?"

Na gaya mata gonar, da tsuntsayen, da Baba Ɗanjuma. Ta goge fuska da bakin mayafi.

"Malam mai gyara," ta ce. "Ka ji yadda ka gyara shi."

Ta ɗan karkata kai gefe, yadda nake yi a kan rediyo. Sannan ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"Na gan shi, ka sani, kafin su ɗauke shi. Kunnuwanka gare shi."

Abin da na sani game da ɗana na fari ke nan, kuma ban san shi ba sai a gindin darbejiyar nan. Ta dawo Gumel kafin a yanke gero.

Sauran kun sani, ko kun ga bayansa. Kun tashi kuna jin kiɗan nan bayan azahar, ba kullum ba, sai ranar da ta ce, "Malam, ɗauko mana abin nan." Da yake ni nake dannawa, kuka ɗauka nawa ne, ita kuma ta bar ku a haka don tana jin daɗin yadda kuke tsokanata. Rakoda uku ya cinye, shi yana nan. Shekarun baya 'yar'uwarku Bilkisu ta kara wayarta a bakin lasifika, wayar ta faɗi sunansa nan take, abin da na yi shekaru ina tambayar direbobin Maigatari ba wanda ya sani. Ashe wasu samari ne masu dogon gashi a ƙasar Turai suka yi faifan, irin kiɗan da ake kira rok, su kuma masu gwaje-gwaje ne a cikinsa, kuma wai har yanzu ana sauraren sa ana gardama a kansa. Sunan ya ƙi zama a bakina, ban matsa masa ba. Abin da na riƙe shi ne shirun nan da gangan suka sa shi. Bilkisu ta kunna mana na wayar, tas, ba ƙas ba ƙaraf. Ummanku ta saurara har ƙarshe.

"Yana da kyau," ta ce. "Amma babu gonar Baba Ɗanjuma a ciki. Mayar mana da namu."

Bara da ta rasu, Allah ya jiƙanta, na yi wata huɗu ban taɓa shi ba. Yanzu nakan kunna in gida ya yi tsit bayan azahar. Har yau ban san abin da mutumin nan yake faɗa daga cikin rijiyarsa ba, kuma har yau gangar tana ba ni mamaki a inda take tuntuɓe. In aka zo "ƙas" na farko, kaina yakan juya da kansa wajen bakin ƙofa inda take shimfiɗa tabarma. Ina kewarta ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Saboda haka Sani, na gama tunanin. Kunnena ka gado, shi ya sa ƙarar take damunka, kuma na san da zuciya ɗaya ka yi tayin, kamar yadda ni ma na yi. Ba za a kai shi Kano ba. In na tafi, kaset ɗin naka ne, kai da ka fi kowa son gyara shi. Ka ajiye reza. In ka ji "ƙas" na farko, ka zauna ka jira.